Ƙorafi Kan Katunan Hoton da Aka Musanya da Sunan Sadaka

Daga: Malama Ummuhani Jibril,
Mai koyar da zane a kwamfuta,
Cibiyar Koyon Sana'a ta Ƙungiyar 'Yan Kasuwa, Garuwa.

Litinin, 11 ga Maris, 2019.

Zuwa ga: Mai Girma Shugaban Kwamitin Amintattu,
Alhaji Sulaimanu Adamu.

Game da: Cire katunan hoto daga kwamfutocin ajin zane, da shirin rufe ajin.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, ina neman izinin gabatar da kukana kamar haka.

1. Tun da aka buɗe ajin, kwamfutocinmu shida da Linux suke aiki, tsarin da ba a sayen lasisinsa, bisa amincewar kwamiti. Ni na zaɓi katunan hoton da ke cikinsu, wato sashen da ke fitar da zane a fuskar kwamfuta. Ba don kyan kwali na zaɓe su ba. Direbansu, manhajar da ke sa kati aiki, yana zuwa ne a cikin Linux ɗin kansa, ba sai an nemo shi a intanet ba, wadda a nan sai ta ga dama take zuwa. Shekara biyu ba su taɓa ba mu kunya ba.

2. Ranar Juma'a, 8 ga Fabrairu, Alhaji Mahmudu, ɗan kwamiti, ya kawo katuna shida sadaka ga marigayi mahaifinsa, Allah ya jiƙansa. Aka yi addu'a, aka ɗauki hoto. Na roƙi a bar ni in gwada ko da ɗaya, sai sakatare ya ja ni gefe ya ce ba a gwada sadaka a gaban mai ita. Na haƙura, don ni ma an yi mini tarbiyya.

3. Washegari Asabar, ranar da kowa ya san ba na zuwa, Antoine mai gyara ya cire namu ya sa na sadakar. Har yau ban san wanda ya ba shi makulli ba. Katunan tsofaffi ne a cikin sabon kwali, masu ƙera su sun daɗe da daina fitar musu da direba. Kwamfuta huɗu sai baƙar fuska, biyun kuma da an buɗe zane sai su tsaya cak.

4. Na tambayi Antoine ina namu. Ya ce suna ɗakin ajiya. Mai tsaron ɗakin ya rantse bai gan su ba. Na koma wurin Antoine, ya ce ai sun lalace. A karo na uku ya ce an kai su Kuseri gyara. Ranka ya daɗe, kayan da na bari lafiya lau ranar Juma'a, wane ciwo ya kama su a dare ɗaya? Kuma Garuwa ta rasa masu gyara ne? Na san zato zunubi ne, ban kuma kama hannun kowa ba. Sai dai a cikin watan ne ɗan ƙanin Alhaji Mahmudu ya buɗe shagon wasannin kwamfuta a Kuseri, kuma ruwa ba ya tsami banza.

5. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne rahoton da sakatare ya kai wa kwamiti, wai Linux ne ba shi da inganci, don haka a rufe ajin a ƙarshen Maris. Da na yi magana, aka ce in bar kaza cikin gashinta. Ba zan iya ba. Ɗalibaina jarrabawarsu a Afrilu take. Ɗaya daga cikinsu, Kaltouma, daga Bibémi ta zo, tana raɓe a gidan gwaggonta, kuma an yi mata alkawarin aiki a wata maɗaba'a idan ta kawo takardar shaida. Yanzu a takarda take zane da fensir, kullum tana tambayata yaushe za a gyara, ni kuma kunya ta hana ni kallon idonta.

Saboda haka ina roƙon Mai Girma ya dakatar da rufe ajin, ya kira Antoine da sakatare su yi bayani a gaban kwamiti ina wurin, ya kuma sa a dawo da katunanmu kafin jarrabawa. Ban ce a mayar wa Alhaji sadakarsa ba. A ajiye ta a kabad da sunansa a jiki, Allah ya kai ladan kabarin mahaifinsa. Mu dai a ba mu namu.

Allah ya ƙara girma, ya sa a yi adalci.

Mai biyayya gare ka,
Ummuhani Jibril.