Kamu Biyar na Gwaggo Laraba

Zuwa ga Fadila, sanyin idona, ruwan farkon damina da ke kashe zafin Unguwar Kanawa, inuwar mangwarona da tsakar rana, amaryata nan da kwana uku in Allah Ya yarda!

Ina gaishe ki gaisuwar wanda ya yi laifi. Daga falonmu nake rubuto miki, ina zaune a kan bokitin fenti, siminti har a girata. Ya hasken raina, kin tuna yammacin da muka tsaya a shagon labule na Unguwar Sarki? Kika ɗora yatsarki a kan ƙarfen nan mai layi biyu, kika yi mini bayani a hankali kamar ɗan aji ɗaya: shara-shara a layin baya, don haske ya shigo amma idon maƙwabta ya tsaya a waje, mai kauri kuma a layin gaba, don ranar da muke son duniya ta ƙyale mu. Wallahi ban ji rabin bayanin ba, yatsar nake kallo! A nan na bugi ƙirji na ce babu kafintan da zai taɓa tagar amaryata, ni zan kafa shi da hannuna.

Sai ga ranar ganin ɗaki. Gwaggonki Laraba ta iso daga Mando da tawagarta, ta dube ni sama da ƙasa, ta sanar da mata cewa wannan hannun alli ne na malamin makaranta, ko ƙusa ba zai iya bugawa ba. Na miƙa mata tef ɗin awo da ladabi, ta ture shi, wai tun kafin a haife ni take auna labulen amare. Ta durƙusa ta fara daga ƙasa, gwiwar hannu zuwa kan yatsa, ta hau kujera ta ƙarasa, sannan ta yanke hukunci: kamu biyar, a nan ƙarfe zai zauna. Ta kai wa tela awonta, ni kuma na rubuta biyar a tafin hannuna.

Ya farin watana, wa zai faɗa miki wahalar da na sha? Na aro injin huda bango, ina taɓa bulon nan sai ya fara zuba kamar garin kwaki. Sukuru ya ƙi kamawa. Na canja wuri, ya ƙi. Zuciyata ta ce, Nasiru, so ne fa ake gwadawa! Sai na fafe ramuka uku, na dasa ƙafafun ƙarfen a ciki, na cika da siminti mai ƙarfi, na shafe, na bi da fenti. Na zura layin baya, na zura na gaba, na jera zobba, na ɗaure kawunan nan masu ruwan zinariya. Don in tabbatar, har lilo na yi a jikinsa, ko gezau bai yi ba.

Yau da hantsi tela ya kawo labulen. Na ce bari in rataya in ga aljannar da za ki shigo. Fadila, Fadila! Labulen da ya kamata ya share ƙasa kamar jelar ɗawisu, ga shi can ya tsaya a gwiwata. Shara-sharan ya ɗage, mai kaurin ya ɗage, su biyu suna reto kamar wandon da mai shi ya yi masa girma. Na tsaya ina kallo har gumi ya karyo mini, sannan na dubi hannuna. Ni ne fa wanda ɗalibai ke kira Malam Dogo. Kamu biyar na auna, ban ƙara ba ban rage ba, amma da nawa hannun, ba da na Gwaggo ba. Shekara shida ina koyar da lissafi!

Na ruga wurin tela, ya ce yadin ya ƙare, ko ƙyalle bai saura ba. Na kira birkila, ya ƙwanƙwasa simintin, ya yaba wa wanda ya yi aikin, ya ce in aka fasa sai rabin bangon ya biyo, fenti kuma ba zai bushe kafin gobe ba. Gobe da safe kuwa 'yan jere za su cika gidan nan, Gwaggo a gaba.

Ba zan ɓoye miki ba, ya rabin raina, shaiɗan ya zo mini da shawara mai daɗi. In ta buɗe baki, in ɗauko tef ɗin da ta ture, in auna hannunta a gaban mata, in auna nawa, kowa ya ga inda gajartar ta fito. Da na wanke kaina tas, da an daina kira na hannun alli. Har na fara shirya jawabin. Sai na tuna abin da kika taɓa gaya mini, cewa tun kina wata bakwai da mahaifiyarki ta rasu, hannun nan ne ya ɗauke ki, ya yi miki wanka, ya yi miki kitso, ya share miki hawaye. Ta yaya zan sa a yi masa dariya a ɗakin aurenki? Na mayar da tef ɗin cikin akwati na kulle.

Gobe zan tsaya a bakin ƙofa in ce ni na yi kuskure, kuma ba ƙarya na yi ba. Za ta tafa hannu, za ta kira mata su zo su gani, za a ba da labarin nan a kowane suna da biki har jikokinmu su ji. Na yarda. Roƙona ɗaya ne: in labari ya iso miki a ɗakin lalle, ki yi dariyarki son ranki, amma kada ki faɗa mata dalili, ko bayan shekara hamsin.

Naki har ƙarshen numfashi, wanda ƙaunarki ta kafu a ransa babu birkilan da zai iya cire ta,

Nasiru