A Kan Jar Hula da Korar Baba Gambo

Zuwa ga Mai Girma Manajan Kantin Sayen Gyaɗa na Gwarzo,

Ranka ya daɗe. Bayan gaisuwa mai yawa, da tambayar lafiyarka da ta iyali, da gajiyar kaka. Ni ne Babban Wakilin Attajiran Gyaɗa na Yammacin Kano, wanda in ya yi atishawa a Kabo sai an yi masa addu'a a Dugabau. Kada ka yi mamakin ganin ajami, akawunana na boko duk na ba su hutu. Na sa a manna takardar a ƙofar kanti don kowa ya gani, Malam Akawu zai juya maka ita da Turanci.

Labari ya iske ni cewa ranar Asabar mai zuwa za ka sallami Baba Gambo, dattijon leburorinka, wai shi ne mafi ƙarancin aiki. A kan wannan nake magana.

Na farko. Kai baƙo ne, bana ka zo, bari in gaya maka yadda filin nan yake a da. Da hantsi jakuna za su fara shigowa daga Madadi da Unguwar Tudu, ƙura har kan sikeli. Ilu mai kalangu yana gindin tsamiya, ya san sunan uban kowa da na kakansa. Baba Gambo yana tsaye a bakin tarin buhuna, shi ke kama kunnen buhu ya ɗora wa mutum a ka, yana ba da waƙa ana amsawa. Wanda ya yi tuntuɓe a yi masa dariya, sannan a ɗaga shi. Da azahar ƙwarya ɗaya ta fura ke zagayawa. Ba a taɓa barin lori ta kwana babu lodi ba, kuma ba wanda ya san wa ya fi wa.

Na biyu. Da ka zo, Akawu ya ce ka yi karatun zuciyar ɗan Adam a Ingila, littafinka ya nuna mutum ba ya motsi sai don a yabe shi, ko don ya wuce ɗan'uwansa. Sai ka kawo tsinke da jar hula. Kowane buhu aka kai lori a ba mutum tsinke, wanda ya fi tsinke a mako ya sa hular, a tara jama'a a tafa masa. Ba zan ɓoye ba, littafin nan ya san wani abu. Hular tana da kyau, har 'yan matan da ke tallan fura sun fara gaishe mu, wato sun fara gaishe da mai ita, da rusunawa. Amma je ka duba filin yanzu. Kowa gudu yake yi, fuska a murtuke. Shekaranjiya buhu ya kayar da wani lebura, Sale, mutane suka riƙa tsallake shi. Yara biyu da suka tashi gida ɗaya sun daina gaisawa a kan tsinke guda. Furar ma kowa tasa yake saya, ya juya baya ya sha.

Na uku. Ka sallami Ilu, ka ajiye garmaho, akwatin waƙar nan, a kan tebur, wai shi zai jawo manoma su kawo mana gyaɗa maimakon kantin gaba. Sun zo kallo, ban musa ba. Sai dai akwatin nan bai san uban kowa ba. Manomi zai taho tun daga Madadi da jakunansa, ya tsaya a gabansa, ko sannu da zuwa ba zai ce masa ba.

Na huɗu, kuma shi ne ciwon. Ranka ya daɗe, ka taɓa gwada ɗora wa kanka buhun gyaɗa? Kada ka gwada, muna son ka da bayanka. Ba mai iyawa shi kaɗai, sai an kama masa. Da, kowa yana kamawa. Tun da tsinke ya zo ba mai tsayawa, domin kamawa ba ta da tsinke. Baba Gambo kaɗai ya rage a bakin tarin, tun safe yana ɗora wa masu gudu, waƙar ma ya daina saboda babu masu amshi. Da yamma kowa ya zo da damin tsinke, shi ya zo da hannu biyu duk sun yi kanta. Shi ne ka duba ka ce ba ya aiki. Mutumin nan yana da iyali da marayun ƙanensa, kuma a shekarunsa babu kantin da zai ɗauke shi.

Abin da nake roƙo: a bar Baba Gambo a bakin aikinsa. A dawo da Ilu ko da ranar kasuwa kawai, garmaho ya huta, shi ma ya gaji. In kuwa dole sai an yi tsinke, a ba mai ɗorawa nasa. Allah ya ƙara maka girma, ya sa gyaɗarka ta yi nauyi a sikeli, ya mayar da kai garinku lafiya.

Saura sa hannu, kuma a nan rawanina ya warware. Babu wani Wakilin Attajirai, ranka ya daɗe. Ko jaki ba ni da shi, kuma in na yi atishawa innata kaɗai ke ji. Ɗanliti ne, na Madadi, wanda ya sa wa Akawu ƙadangare a aljihu, wanda ka tafa wa da hannunka Asabar ɗin da ta wuce. Na ari babbar riga ne don na san ba ka karanta takardar lebura. Duk buhun da ya kai ni ga hular nan, Baba Gambo ne ya ɗora mini shi, don haka yau da safe na kai masa ita. Ya ƙi, na ɗora masa da ƙarfi, kamar yadda yake yi mana. Kai da bakinka ka ce mai jar hula shi ne zakaran kanti. To ranar Asabar yana nan tafe da ita a kansa. In za ka kore shi, sai ka kore shi a cikinta, ni kuma ina bayansa da kaina a buɗe.

Wassalam.

Ɗanliti, lebura, tsohon mai jar hula.