Kasko Babu Kitse

Zuwa ga Lalla Ghita, hasken rumfata, sanyin idona, na'ana'ar shayina, inuwar zaitun ɗina a tsakar rani. Zuwa ga wadda idan ta yi dariya a saman bene sai tattabarun birnin Maknas su tashi su dawo. Zuwa ga matar da ta tafi gidan yayarta Batul a Sifru da akwati ɗaya da fushi buhu guda, ta bar mahauci daga shi sai turmi.

Ina gaishe ki gaisuwar mai kewa. Tun da kika tafi gidan nan ya zama shayin da ba sukari, kuma kada ki yi mini dariya, na san sukarin ma yana cikin abin da likita ta hana. Magen gida ta daina kula ni. Kujerarki ta gaban taga har yanzu tana nan da lotsawar da kika bar mata, ni kuwa ina wucewa ina gaishe ta kamar tsohon da hankalinsa ya fara tafiya. Haka za ki bar ni, Ghita?

Kin tuna ranar da mahaifiyarki ta fara aiko ki rumfata sayen kafaɗar rago? Na auna, na naɗe, sannan na yanko kitsen jela fari sol na cusa miki gyara. Kika warware takardar a gabana kika ce ba a aike ki sayen wannan ba. Amma ba ki ajiye shi ba. Washegari kika dawo, jibi ma haka, har maigidana da nake koyon fawa a hannunsa ya fara tambaya wai ragunan bana ba su da jela ne. Ni ban iya waƙa ba, ban iya kalaman samari ba. Da kitse na nemi aurenki, da kitse na ba ki haƙuri duk lokacin da muka saɓa, da shi na yi miki barka a kowace haihuwa. Kika cika kika batse kamar wata daren sha huɗu, ina tafe bayanki a kasuwa ina jin kaina kamar mai gari.

Sai ga mu gaban likitar nan mai siririn hannu. Ta ɗaura miki abin awo, ta duba takardar jini, ta cire tabarau. Ta ce jininki ya hau, sukari ya biyo shi, zuciya kuma tana aikin da ya fi ƙarfinta. Ta tambayi sana'ata, na faɗa mata, ta dube ni irin kallon da ake wa ɓarawon da ya kawo kansa. Ke kuwa dariya kika yi, kika ce yarinyar da iska za ta iya ɗauka ba ita za ta koya miki cin abinci ba. Na taya ki dariyar a hanya, amma maganar likitar ba ta bar raina ba.

Shi ya sa na zaɓo cinyar ɗan rago mafi taushi a rumfa, na zauna da wuƙata ina bin ta ina feɗe kitsen, ni da na yi rayuwata ina ƙara wa mutane shi. Na daka ɗanyen ganyen kuzbara mai ƙamshi da na'ana'a da tafarnuwa, na matse lemun tsami, na ɗiga man zaitun cokali guda, gishiri ɗan abin da yatsu biyu za su ɗauka. Miyar shafe naman nan, sharmula, ta fito koriya shar kamar gonar alkama bayan ruwa. Na shafe naman, na ɗauki kaskon da kaina zuwa tanderun unguwa.

To, ke ma kin san tanderun nan na mai gashi Ba Allal, ba ya rufa wa kowa asiri. Duk kaskon da ya shiga sai an leƙa shi, an san gidan da aka samu da gidan da aka rasa. Hadda ta gidan kusurwa tana tsaye da farantin burodinta, ta ɗaga murfin kaskonmu ba tare da kowa ya sa ta ba. Kafin la'asar labari ya gama unguwa: wai matar mahauci an mai da ta tunkiya, ciyawa ake ba ta, wai ko rumfa ta karye, ko kuma ni, Si Bushta, na fara hangen 'yan mata masu ƙugu kamar zanzaro. Kika dawo daga gidan wanka fuskarki a murtuke, kika dubi kaskon, ko ɗanɗanawa ba ki yi ba. Abin da kika ce yana nan a kunnena: "In na yi maka yawa, Bushta, ka faɗa da bakinka, ba sai ka aika wa unguwa a kasko ba."

Ki yi mini yawa? Ke? Yaushe rijiya ta yi wa mai ƙishi yawa? Yaushe bargo ya yi wa mai jin sanyin Janairu faɗi? Wallahi da ƙiba ba ta taɓa zuciya, da sai na sa an faɗaɗa ƙofar gida na ci gaba da ɗura miki jela har mu tsufa.

Amma akwai abin da na gani ban faɗa miki ba. Ina ganinki idan za ki hau bene shanya. A tsakiyar matakala sai ki tsaya, ki dafa bango, ki sunkuya kamar mai gyara takalmi. Takalmin nan lafiyarsa ƙalau, Ghita, ni na sayo shi. Numfashi kike nema. Duk lokacin da kika tsaya ɗin nan, ni ma nawa numfashin tsayawa yake yi har sai na ji kin ɗaga ƙafa. Tsoro nake ji, kuma ban iya faɗarsa ba sai da wuƙa da turmi.

Ki sani ban daina ba. Kullum sai na daka, kullum sai na kai tanderu, kaskon a buɗe, kaina a sama. Na farkon, in faɗi gaskiya, gara da ba ki ci ba, tafarnuwar ta isa korar aljanu. Yanzu hannuna ya faɗa. Na gane ganyen ba ya son wuta, sai a raba biyu, rabi a shafa kafin gashi, rabi a zuba ɗanye bayan an sauke. Rannan na kama Ba Allal yana dangwalar romon da burodi, ya ce wai yana duba ko ya nuna ne. Ni kaina tumbina ya ragu har na ƙara huda a ɗamarata. Hadda kuwa, duk kitsen da na cire ita nake zuba wa gyara, tana ta godiya. Kada ki ɗauka so ne.

Ki dawo ranar Juma'a, ya tauraruwata. Zan tarye ki a tasha, mu tako a hankali ta gaban tanderu, hannunki cikin nawa, duk mai magana ya yi ta yi. Ba zan sake sa ki cin abin da ban fara ci a gabanki ba. Ranar Babbar Sallah kuma zan yanko miki jela, ɗan abin da bai wuce kan yatsa ba, in cusa a takarda kamar ranar farko, ki warware ki ce ba a aike ki ba.

Ki gaya wa Batul, ki gaya wa Hadda, ki gaya wa zuciyarki mai taurin kai: ba rama nake nema miki ba, tsufa nake nema miki. Ina so in gan ki da furfura, babu haƙori, kina zagina a kan gishiri ya yi kaɗan.

Naki jiya, naki yau, naki har ranar da hannun nan zai kasa ɗaga taɓarya,
Bushta mahauci.