Kwanon Asabar

Zuwa ga Antina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya. Ya ɗinki, ya jikin Kaka? Mu ma lafiya lau, sai sanyi.

Anti, zan faɗa miki abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. A waya ba zan iya ba, don gidan nan ko tari ka yi a ɗaki sai an ce maka sannu daga kicin. Shi ya sa na rubuta, na ɗauki hoton takardar na turo miki.

Ba ni da ƙawa. Ko ɗaya.

Yarinyar da Mama take ba ki labari, wadda nake zuwa gidansu duk Asabar, babu ita. Ni na ƙirƙire ta. Wata rana Mama tana ninke kayan Auta ta ɗago ta ce, "Ke wai har yanzu ba ki yi ƙawa a makarantar nan ba?" Na ga idonta ya kawo ruwa, kawai sai bakina ya ce na yi. Har dogon gashi na ba ta da murya mai sanyi, irin na wata a littafin da nake karantawa lokacin.

Laburare nake zuwa. Akwai wata kujera can ƙarshe, bayan kantar littattafan soyayya, kusa da na'urar ɗumama ɗaki. Nan nake wuni. Wani mai jera littattafai yakan wuce da 'yar amalankensa ya ɗan gyaɗa mini kai. A zuciyata mun sha hira, har mun yi faɗa mun shirya. A zahiri ko sannu ban taɓa ce masa ba.

Da a nan abin ya tsaya da sauƙi. Amma kin san yayarki. Ta ce ba za a yi ta ciyar mata da 'ya tana zaune ba, sai ta fara zuba abinci a wani kwano mai shuɗin murfi in kai wa mamar ƙawata. A matakalar bayan laburare nake cinyewa ni kaɗai. Kuma na san a wajen Mama abin kunya ne a dawo da kwano wayam, don haka a hanya nakan sayi tuffa ko biskit in saka, in ce in ji matar.

Anti, da kin ga yadda take buɗe kwanon nan! Sai ta goge hannu tukuna. Ta ce, "Kai, matar nan ta san mutunci." Ta hana ƙannena Tsuntsuwa da Auta taɓawa sai Abba ya dawo ya gani. Shi kuwa Abba da sassafe yake fita, ya dawo a gajiye. Mama daga ita sai yara sai taga. Maƙwabta a lif, na'urar hawa bene, ake haɗuwa, a yi murmushi, kowa ya kalli takalminsa. Ita ma Tsuntsuwa tun da ta shiga makarantar yara da yaren garin take amsa magana, har Mama ta juyo ta ce mini, "Me ta ce?"

Yanzu Mama ta ce wai lokaci ya yi da za ta je ta gaida matar. Ya zan yi?

Ki gaida Kaka. Don Allah ki riƙe mini wannan.

'Yarki,
Shiru-shiru

*

Shiru-shiru tawa,

Wa'alaikumus salam. Kowa lafiya. Kaka ta ce a tambaye ki ko kin fara magana a cikin mutane, ko har yanzu sai da kai.

A shago na karanta takardarki. Na yi dariya har wata da ta kawo ɗinki ta ja da baya. Da ta tafi kuma na tsayar da keke na yi kuka.

Ke ja'ira, kin san abin da kika jawo mini? Uwarki ta sa ni ɗinka wa matar nan riga! Na ce ina awo? Ta ce in yi na siririya, wai mai yawan aiko da tuffa ba za ta yi ƙiba ba. Na yanka yadi, har na sa hannu ɗaya. Na yi wa gajeru, na yi wa masu rigima, amma wadda ba ta duniya sai ta dalilinki.

To ki saurara. Tun da kuka tafi, in muka yi waya da Yaya, labarin yara ne da na sanyi, shi ke nan. Sai 'yan watannin nan na ji tana cewa "ƙawata". Haka take kiranta. Ƙawata ta aiko, ƙawata ta ce a gaishe ni. Muryarta har ta koma irin ta da.

Ba zan faɗa mata ba, ba kuma zan taya ki ƙarya ba. Ke kika ɗinka, ke za ki warware.

Mai jera littattafai kuma, ki bar bawan Allah ya yi aikinsa.

Antinki mai sonki

*

Antina,

Sallama da gaisuwa. Na ga amsarki, na karanta a banɗaki don kada a ga fuskata.

Abin ya ƙara lalacewa. Mama ta sayo sababbin kofuna, wai ko matar za ta rama ziyara. Kullum da yamma takan ɗora Tsuntsuwa a kan tebur ta koya mata gaisuwar mutanen nan. Yarinyar da ba ta iya ɗaure takalminta ba, ita ce malama. "Ba haka ba, Mama! Sake!" Mama ta sake, Auta yana ta ƙyalƙyala dariya yana buga cokali. Ni ina ɗaki na rufe kai da filo.

Wallahi na gwada neman ƙawa ta gaske. Akwai wata 'yar ajinmu da muke jiran bas tare. Na kwana biyu ina shirya abin da zan ce. Na matsa kusa na faɗa, ta zare abin sauraro daga kunne ta ce, "Na'am?" Na ce ba komai. Ta mayar.

Sai na yi dabarar da ake yi a littattafai in an rasa yadda za a yi da mutum: a tayar da shi. Na ce wa Mama an canza wa baban ƙawata wurin aiki, za su bar garin. Ta ajiye ludayi. Can ta ce, "To ai sai mu hanzarta mu je kafin su tashi."

Ta sa rana, Anti. Asabar ɗin nan. Har Abba ya yarda zai zauna da yara.

In na ce sun riga sun tafi fa?

'Yarki a ruɗe

*

Ke yarinya,

Gaisuwa a gurguje, aiki ya yi mini yawa.

In kika ce sun tafi, za ta nemi lambar waya. In kika ce babu, za ta yi ta zargin kanta cewa ita ta yi nauyin ƙafa. Jiya ta ce mini, "Ko ni ban samu kowa ba, ai 'yata ta samu, hankalina ya kwanta." Kin ji? Ita tana shanye nata kaɗaicin don ta ɗauka kin warke, ke kina shanye naki don kada ta damu, a gida ɗaya, bango ɗaya tsakaninku.

Za ta ji zafi, ba zan ɓoye miki ba. Amma na san yayata.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya.

Antinki

*

Mamana,

Ina gaishe ki, ina neman afuwarki.

Ina jiyo ki kina goge mayafi kina maimaita gaisuwar da Tsuntsuwa ta koya miki. Kin iya yanzu, Mama, daidai kike faɗa.

Babu gidan da za mu je. Babu ƙawa, babu mamarta. Ni nake cin abincinki, ni nake aiko miki da tuffa. Ban so ki san cewa ni ma kamar ke nake ba.

In ba ki yi fushi sosai ba, kada ki cire kwalliyarki. Abba na gida. Zan nuna miki inda nake zama, kujerar za ta ɗauke mu mu biyu. In kuma kin yi fushi, na cancanta.

Na so in tura wannan ta ƙarƙashin ƙofa in gudu. Na fasa. Kin kira sunana yanzu kin ce mu tafi. Ga ni nan fitowa, da hannuna zan miƙa miki, kuma zan tsaya har ki gama karantawa.

'Yarki