Garin da Aka Ja da Shanu

Ansel, 3 ga Afrilu, 1886

Yaya Arvilla,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ƙafar Inna? Mu lafiya lau, sai iskar nan da ba ta hutawa.

Kin tambaya ko Ansel ya isa a kira shi gari. Gidajen katako goma sha ɗaya ne a bakin rafi, da kanti, da maƙera, da rijiyar da Baba Tarbell ya haƙa tun babu kowa a nan sai shi da garkensa. Shanu kam sun ninka mu sau ɗari.

Shekararmu uku a nan, kuma kin san mijina Lemuel bai taɓa daɗewa haka a wuri guda ba. Ya soma halin nasa, ya tsaya bakin ƙofa yana kallon arewa har kofinsa ya huce. Makon jiya masu awon hanyar jirgin ƙasa suka kafa turakunsu mil bakwai arewa da mu. Tun ranar na kasa zama in gama ɗinki ɗaya.

Taki,
Delphia

Ansel, 20 ga Yuni

Yaya,

Ina gaishe ku duka. Na ji daɗi da Inna ta soma takawa.

An yi taro a kanti. Orrin Pell mai kantin ya ce, "Wa zai koro shanu nan alhali ga tasha can? Mu ja gidajenmu mu bi jirgi, ko mu zauna mu ci ciyawa." Baba Tarbell ya ce, "Ku ja mana. In kun isa ku haɗa da rijiyata." Aka yi dariya, amma da aka ce a ɗaga hannu, na Lemuel ne ya riga na kowa.

Yaya, tun da zazzaɓi ya ɗauke mana 'yarmu Nettie bara, kullum da safe sai na hau tudu wurin kabarinta. A hanyar gida na ce masa, "'Yarka fa? Wa za ka bar wa ita, kyarketai?" Ya ce, "Mil bakwai ne, Delphia, ba bangon duniya ba." Kwana huɗu ke nan ban yi masa magana ba. In shiga, in fita, in ɗora tukunya in manta da ita.

Ki sa ni a addu'a.
Delphia

Sabon Ansel, 9 ga Satumba

Yayata,

Bayan gaisuwa da fatan kowa lafiya, mun tashi.

An ɗora gidanmu kan gumagumai, aka ɗaura masa bijimai goma sha shida. Na ƙi fitowa, suka ja da ni a ciki, kwanoni suna zubowa. Lemuel ba ya cikin masu kora, na ɗauka ya yi gaba ya kama fili.

Rana ta biyu da tsakar rana na ji bijimai sun tsaya. Na leƙa, sai ga maza duk sun cire huluna. Lemuel ne tafe a keken doki, jikinsa duk ƙasa, Baba Tarbell a gefensa, a baya kuma ɗan akwatin gawar Nettie naɗe da bargonmu. Tsohon ya ce, "'Yata, ni na haƙa kabarin, dole ni zan buɗe." Na sauko na bi keken a ƙafa har muka iso. Mun binne ta tun gida ko ɗaya bai zauna kan duwatsun harsashinsa ba. Baba Tarbell ya ƙi ko cin abinci, ya koma wurin rijiyarsa.

Shekaranjiya na ji Lemuel yana tambayar ma'aikatan jirgi labarin ciyawar Montana, can arewa mai nisa. Na ce masa, "Sau ɗaya ake tono ta. In tafiya za ka yi, kai kaɗai." Yau da safe na ji bugun guduma a bayan gida. Sai da na leƙa sau uku kafin na yarda: shinge yake kafawa, irin na mai niyyar zama.

Ki aiko mini da irin kabewa. A gaida Inna.

Ƙanwarki,
Delphia Rusk