Rasuwar Alhaji Safiyanu Lado Gazara da Makomar Lambar Wayarsa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Cikin alhini da miƙa wuya ga hukuncin Allah Maɗaukakin Sarki, Kwamitin Taimakon Juna kan Agajin Lafiya na Gaggawa na ƙananan hukumomin Ikara, Makarfi da Kudan yana sanar da masu girma hakimai da dagatai, da malamai, da ma'aikatan lafiya, da ɗaukacin jama'a, cewa ya samu labarin rasuwar shugabansa kuma wanda ya kafa shi, babban jami'in lafiya, dattijo Alhaji Safiyanu Lado Gazara, wanda Allah ya yi wa cikawa da hantsin Talatar makon jiya bayan gajeriyar jinya, yana da shekara hamsin da tara, aka kuma yi jana'izarsa a Gazara bayan sallar la'asar.

Marigayin ya shafe shekara talatin da biyu yana aikin lafiya a karkara, amma abin da za a daɗe ana tuna shi da shi ya faro ne a wata damina da amai da gudawa suka ɓarke a wata unguwa da ke ƙarshen gundumar Paki ta ƙaramar hukumar Ikara. A lokacin, mu ma'aikatan lafiya mun saba wa kanmu cewa motar asibiti ba ta tsallaka iyakar ƙaramar hukuma sai da takarda, ga shi ruwa ya yanke hanyar unguwar ta ɓangaren Ikara. Alhaji Safiyanu, wanda ke aiki a ɓangaren Makarfi, ya loda ledojin ƙarin ruwa a mota, ya tsallaka ba tare da jiran sa hannun kowa ba, ya yi kwana tara a can. Da muka yi masa maganar takarda, sai ya ce shi bai taɓa ganin cutar da ta tsaya a bakin iyaka ta nuna tata ba.

Daga nan ya yi ta safa da marwa tsakanin ofisoshin lafiya na ƙananan hukumomin nan uku, da nacin da duk wanda ya san shi ba ya buƙatar a bayyana masa, har aka amince da ƙa'ida guda: motar da ta fi kusa ita ke zuwa, takarda ta biyo baya. Ya tattara direbobi, da masu babur, da masu ba da jini, da unguwarzomomi, ya kuma sa aka rubuta lambar wayarsa ta ƙashin kansa da fenti a bangon kowane ƙaramin asibiti. Mun sha tsokanarsa cewa ya fi kasuwar Makarfi jama'a. Muna alfahari da shi, kuma rashinsa ya girgiza mu ƙwarai.

Wajibi ne a nan Kwamiti ya amsa wani kuskure da muka yi a bainar jama'a. Shekara shida muna dogara da wayar mutum ɗaya, kuma da ya rasu, babu ko ɗayanmu da ya tuna ya tambayi wa zai riƙa ɗaukarta. Ranar addu'ar uku da safe, muna zaune a kan tabarmi a ƙofar gidansa, direbobinmu da jami'anmu duka, wayar ta yi ƙara a cikin gida. Wani manomi ne daga yankin Kudan, wanda labarin rasuwar bai kai gare shi ba, yake neman Alhaji: motar masu rake ta kife a bakin wani kwalbati, mutum goma sha ɗaya suna kwance. Uwargidan marigayin, Hajiya Zulaihatu, wadda ke cikin takaba, ita ta ɗauka. Ba ta tsaya gaya masa an yi rasuwa ba. Ta tambaye shi inda suke da yawan waɗanda suka ji ciwo, kamar yadda ta shekara shida tana jin maigidanta yana yi, sannan ta taso ta tsaya a bayan ƙofar zaure, ta ɗaga murya ta kira direban Kudan da na Makarfi da sunayensu, ta faɗi wurin da za su je. Liman ya taƙaita addu'a, aka shafa, tabarmi suka zama wayam. Da ikon Allah duka goma sha ɗayan sun isa asibiti da rai, bakwai ma an sallame su.

Kwamiti yana miƙa ta'aziyyarsa ga Hajiya Zulaihatu, da 'ya'yan marigayin, da 'yan'uwansa, da mutanen Gazara baki ɗaya, tare da godiya ta musamman ga Hajiya, wadda ta ajiye nata kukan ta yi aikin da ya kamata a ce mu muka yi. Allah ya jiƙan Alhaji Safiyanu, ya gafarta masa, ya haskaka makwancinsa, ya sa rayukan da ya zama sanadin cetonsu su yi masa nauyi a mizani, ya ba iyalinsa juriya da haƙurin wannan babban rashi.

Mun san jama'a na tambaya ko wannan haɗin kai zai ɗore, musamman ga damina tana ƙaratowa. Muna tabbatar muku zai ɗore, in Allah ya yarda. Iyalan marigayin sun miƙa wa Kwamiti layin wayar, bisa sharaɗin da Hajiya ta gindaya cewa kada a taɓa kashe shi, mun kuwa karɓi sharaɗin. Jami'ai uku, ɗaya daga kowace ƙaramar hukuma, za su riƙa riƙe shi mako-mako, kuma babu lambar da za a goge a bangon asibiti.

Don haka, duk wanda larura ta sa ya kira daga yau, zai ji muryar da ba ta Alhaji ba. Kada ya ɗauka ɓatan lamba ya yi, kada kuma ya kashe. Ya faɗi inda yake da mutum nawa ne, mota tana zuwa.

Sa hannu:
Malam Zakiyyu Tukur Paki,
Jami'in Hulɗa da Jama'a,
a madadin Kwamitin Taimakon Juna kan Agajin Lafiya na Gaggawa, Ikara, Makarfi da Kudan.