Garin Jima a Kan Murfin Gwangwani

Litinin, 8 Yuli 2024

Yau hukuma ta tuna akwai masani a Jibiya. Jami'an bodar Magama sun tare motar wani direba, Hussaini, mutumin Maraɗi, cike da buhunan farin gari. Ya ce sinadarin jimar fata ne zai kai Kano. Su kuma suna tsoron na haɗa bam ne. Aka aiko a ɗauke ni a babur, a matsayina na tsohon malamin kimiyya. Na sa farar rigar da na ajiye tun ritayata. Ba ta rufe cikina ba.

Na umarci jama'a su ja baya, na zuba ɗan garin a murfin gwangwani, na ɗora bisa gawayin mai shayi. Garin ya ce ƙas-ƙas, ya yi tsalle. Abin da ya biyo baya tarihi zai kira shi janyewa cikin hikima. Waɗanda suka gani sun ce gudu ne, kuma a kwata ya ƙare.

Ina tasowa aka soma dariya. Sai na ji bakina yana cewa, "Wannan abu yana iya tashin Magama gaba ɗaya." Dariyar ta tsaya cak. An kulle Hussaini.

Talata, 9 Yuli

Kowane gishiri mai damshi yana wannan ƙara a wuta. Da bakina na koyar da haka a aji.

Alhamis, 11 Yuli

Daraja ta ƙaru. A masallaci an matsa mini a sahun gaba. Matata Salmatu ta ce, "Malam, an ce ka ceci gari, ga shi ko loma ba ka kai ba." Na ce mata manyan masana ba su cika ci ba.

Ƙanen Hussaini ya zo ƙofar gida. Bai zage ni ba, da ma ya zaga. Ya durƙusa ya ce, "Baba, matarsa na kan gwiwa, waya take ta yi. Mi za mu ce mata?"

Juma'a, 12 Yuli

Na koma boda ba farar riga. Na ari gishiri wurin mai tuwo, na watsa a gawayi gaban shugaban jami'an. Ƙas-ƙas. Ya dube ni ya ce, "To, Malam, miyar gidana ma bam ce ke nan?"

Na bayyana masa cewa gawayin mai shayi ba ya tabbatar da komai, e ko a'a. Gwajin gaskiya sai a ɗakin bincike, da na'urar da ke auna yadda abu ke ɗaukar zafi da bugu. Ya ce, "Ran Litinin fa?" Na ce ran Litinin kwata ce ta yi magana.

An aika samfur Kaduna. Hussaini zai jira a tsare, domin maganata ta riga ta hau sama.

Laraba, 24 Yuli

Sakamako ya zo: ba ya fashewa. An saki Hussaini. An yi sunan 'yarsa ba shi. Na tare shi da jawabin da na tsara. Ya ce, "Allah shi kyauta, Baba," ya hau mota.

Kafin in tafi wani jami'i ya nuna mini wata ganga shuɗiya, wai me na gani. Na ce ban sani ba. Ina jin gajiya ce kawai.